Cikin Madan Anélus

Ranar da Anélus ya gano ƙwayoyin, Philomise tana tsakar gida tana kirɓa tomtom, tuwonsu na dafaffen 'ya'yan itace, a turmi, miyar kuɓewa tana tafasa a kan gawayi. Ya shiga ɗaki neman wasu ƙusoshi da ya ce ya zuba a gwangwanin madara, sai ya fito da wani gwangwanin daban, wanda ta cusa can ƙarƙashin buhun shinkafa. Tana ganinsa a hannun mijinta ta jingine taɓarya da bango.

Bai fara da tsawa ba. Ya zazzage ƙwayoyin a tafin hannunsa, ƙanana farare, ya tambaye ta na mene ne. Ta gaya masa gaskiya: maganin hawan jini ne. Mis Guerline, nas ɗin ƙaramin asibitin unguwa, ita ce take ba ta tun bayan haihuwar autarsu, lokacin da jininta ya hau har ta yi jijjiga a kan gadon haihuwa. Guda ɗaya take sha kowace safiya. Ta ɓoye ne don ya taɓa cewa ba ya son ganin tarkacen asibiti a gidansa.

"Guda ɗaya kowace safiya," in ji shi a hankali. "Ba fashi."

"Haka aka ce in yi."

"Ni za ki mayar sakarai? Kina tsammanin ban san ƙwayar da mace take haɗiya kullum da safe ba? A filin faɗan zakaru ba wanda bai san ta ba. Shekara shida ina jiran ɗa namiji, ashe ke kin toshe hanya, kina kwana kusa da ni kina yi mini dariya."

'Ya'ya huɗu ta haifa masa, duk mata. Manyan biyu suna aikatau a Port-au-Prince, ƙananan kuma suna makaranta a wannan lokacin, abin da ta gode wa Allah a kansa ke nan. Anélus kafinta ne, rumfar aikinsa tana manne da gidan, don haka bai sha wahalar neman abin duka ba. Guntun katako ya ɗauko, irin wanda ake yin ƙafar kujera da shi. Na farko ya same ta a kafaɗa, na biyu a gadon baya. Ta sa hannu ta tare na uku, ta ji ɗan yatsanta ya yi ƙara. Turmi ya kife, tomtom ya zube a ƙasa, kaji suka yi caa a kai. Ya ja ta da gashi har bakin masai, ya sa ta tsaya tana kallo, ya riƙa jefa ƙwayoyin cikin rami ɗaya bayan ɗaya.

A gidan da ke jikin nasu, Madan Osnel, wato matar Osnel, ta ƙara wa rediyonta murya.

Exilia, uwar Anélus, tana zaune a 'yar kujerarta ƙarƙashin mangwaro tana tsince wake tun farkon abin. Ba ta ɗaga kai ba sai da ɗanta ya koma rumfa. Sannan ta ce wa surukarta ta tashi ta wanke fuska kafin yara su dawo. Ta ce kowa ya san Anélus da zafin zuciya, haka ubansa yake, amma ba mugu ba ne, da bai damu da ita ba ko kallon gwangwanin ba zai yi ba. Ita shekararta saba'in da biyu, ba ta taɓa haɗiyar ƙwaya ba. In kanta ya yi nauyi ganyen lemo take dafawa ta sha, ga ta nan garau.

Philomise ta ɗaure yatsan da tsumma, ta ɗora wata tukunyar.

Kwana tara ta yi ba magani. Ƙeyarta ta riƙa sarawa, kunnuwanta suna ƙugi, in ta sunkuya ɗaukar bokiti sai ta ga wasu 'yan ɗige-ɗigen haske suna yawo a idonta. Ran na goma ta bar teburin kayan miyanta na kasuwa a hannun yayarta Lamercie, mai sayar da gawayi, ta gangara asibitin.

Mis Guerline ta naɗa mata abin awo a hannu, ta auna, ta sake aunawa a ɗaya hannun. Ɗari da casa'in bisa ɗari da goma sha biyar. Ta dubi yatsan da ya karkace, ta dubi shatin duka da ya leƙo ta wuyan rigar. Ta jawo kujera ta zauna daf da ita.

"Madan Anélus, bari in gaya miki yadda za ki gane. Zuciya nama ce, aikinta ta tura jini. In jini ya hau, kamar a ce kullum baro take turawa a kan tudu. Da farko za ta jure, ta yi kauri, ke ba abin da za ki ji sai ɗan ciwon kai. Wata rana sai ta gaji, ta saki, ta kasa turawa. Daga nan ruwa zai fara taruwa, a ƙafa, a ciki, har ya kai huhu. In ta kai nan ba ta komawa yadda take."

Ta ce ta rage gishiri, ta bar kifin gishiri da dunƙulen miya, ta daina ɗaukar kaya masu nauyi, ta guji tashin hankali, don kowace fargaba ƙara harba jinin take yi sama. Philomise ta yi 'yar dariya a nan, wadda ba ta kai ciki ba.

Ta karɓo sabon magani, suka yi dabara ita da Lamercie. Maganin ya koma zama a leda cikin buhun gawayi, kowace safiya in ta iso kasuwa ta haɗiya da guntun ruwa kafin ta baje tumatir. Mako biyar ana haka, ciwon kan ya lafa. Sai Mis Guerline, da kyakkyawar niyya, ta hau tudu zuwa gidansu wata Lahadi bayan an tashi daga coci don ta yi wa maigidan bayani da bakinta. Anélus ya karɓe ta hannu bibbiyu. Ya ba ta kujera mafi kyau, ya sa aka kawo mata kofi, ya riƙa gyaɗa kai tana magana, har ya ce ai jahilci ne yake damun mutane. Ya raka ta har bakin titi. Ya dawo, ya aiki yaran gidan ƙanwarsa, ya sa wa ƙofa sakata.

"Wato har yanzu kina sha," ya ce. "Kuma kin ɗauko mini mace har cikin gidana ta koya mini karatu."

Wannan karon bai nemi katako ba. Ya shaƙe ta ta baya, ya tura ta har gindin durom ɗin ruwan sama, ya danna kanta ciki. Ta yi ta harbin iska, farcenta yana kankarar ƙarfe. Ya ɗago ta, ya tambaye ta ina sauran suke, kafin ta haɗa numfashi ya sake dannawa. A karo na uku ta ambaci sunan Lamercie, kuma ta daɗe ba ta yafe wa kanta wannan ba.

Washegari ya je kasuwa da gatari, ya faskara teburinta a gaban mutane, ya ce matarsa ta bar sana'a. Ya ɗora uwarsa gadi. Da Lamercie ta zo da yamma, a bakin ƙofa ya tare ta da adda a hannu, ya ce in ta sake taka gidan sai dai a kwashe ta.

Lamercie ba mace ce mai haɗiye magana ba. Ta wuce kai tsaye wurin Fasto Théogène, ta zayyana masa komai. Fasto ya kira miji da mata ofishinsa. Ya ce zancen ƙwaya shi ba likita ba ne, ba zai sa baki ba. Ya ce ɗan'uwa Anélus mutum ne mai hidima, duk bencinan cocin nan shi ya haɗa su kyauta, amma shi ma ɗan adam ne, ya riƙa sassautawa. Ita kuma 'yar'uwa Philomise ta daina ɓoye-ɓoye, don ɓoyon ne ya kawo zargi, kuma ta daina fitar da maganar gida waje. Ya sa suka riƙe hannun juna ya yi addu'a. Hannun da Anélus ya riƙe mai karyayyen yatsan ne.

Abu ɗaya ya rage mata daga cikin abin da Mis ta ce, wato gishiri. Sai ta riƙa ɗibar nata abincin kafin ta zuba kifi da dunƙule a tukunya. Exilia ta lura, ta gaya wa ɗanta wai matarsa ta daina cin abin da take dafa musu, ko ya san dalili? Ranar ya shiga madafa ya tarar da ita tana ɗiba. Ya ce tunda ba ta iya cin abincinsa, akwai abin da take zubawa a ciki ke nan. Ya sa ƙafa ya ture tukunyar miyar wake tana tafasa, ta kwaranye mata a ƙauri. Fatar ta saluɓe. Exilia ta shafa mata man kaɗe tana cewa ai da ta ci tare da kowa da ba a kai ga haka ba.

Daga nan jikin ya fara gangarowa. Tsakanin famfon unguwa da gidansu akwai matakala doguwa. A da tana hawa da bokiti a ka ba ta tsayawa. Sai ta koma hutawa sau ɗaya, sannan sau uku, daga baya sai ta zauna a tsakiya tana haki, ƙirjinta yana bugawa kamar zai tsage, mata suna wucewa suna ce mata sannu Madan Anélus, ƙiba ce ta fara kama ki. Silifas ɗinta suka daina shiga. In ta danna ƙaurinta da yatsa sai rami ya zauna, ya daɗe bai cike ba. Kwanciya ta gagare ta, tana miƙewa sai ta ji kamar an ɗora mata buhun siminti a ƙirji, don haka ta koma barci a zaune a kan kujera. Al'adarta ta ɗauke. Cikinta ya fara tasowa.

Exilia ce ta fara faɗa. Wata safiya Philomise tana shanya, tsohuwar ta tsaya tana ƙare mata kallo, ta zo ta ɗora mata hannu a mara, sai ta ƙwala wa ɗanta kira. Ta ce ga shi nan, wata nawa da daina shan abin, Allah ya tona asirin masu farar riga. Ta ce kuma daga yadda cikin ya baje, da kumburin ƙafar nan, namiji ne, haka ta yi da cikin Anélus.

Anélus ya tsaya da guduma a hannu yana kallon matarsa, idonsa ya kawo ruwa. Ranar da kansa ya ɗebo ruwa. Ya sayo mata atamfa, ya yanka kaza. Ya hana ta daka, ya ce ƙanwarsa ta riƙa zuwa tana yi. In ya dawo daga aiki sai ya durƙusa ya kara kunnensa a cikin, ya ce, "Maigida, yaya zaman ɗaki?" Ya zaɓi katako mafi kyau a rumfarsa ya fara haɗa gadon jariri. Exilia kuwa ta duƙufa ciyar da jikanta: romon kifin gishiri da safe, jelar alade mai gishiri da rana, a zauna a kanta sai ta shanye.

Philomise ta haihu sau huɗu, ta san yadda ɗa yake juyawa. Wannan ba ya motsi. In ta karkata sai ta ji ya kwararo gefe guda. Maganar Mis Guerline tana nan daram a kanta, ƙafa, ciki, huhu, kuma tana jin tarin da ya fara taso mata. Sau ɗaya ta gwada faɗa. Ta ce, "Anélus, ni fa ba na jin motsi." Ya yi dariya, ya ce ai namiji ba ya rawar kai kamar 'yan matanta. Ta ga hannunsa a kan gwiwarta, a sake, ba a dunƙule ba, sai ta bar maganar. Wata uku cur ba wanda ya taɓa ta. Cikin shekara ashirin da uku da aurenta ba ta taɓa samun wata uku irin waɗannan ba, kuma Allah ya sani ta so su, ko da ta san da me take sayen su.

Abokansa na filin zakaru ne suka kawo ƙarshen abin. Sun gaji da cika bakinsa, sai wani ya tsokane shi, ya ce in mace ta biyar ce fa, wa zai gaji guduma? Ya dawo gida a fusace, ya ce gobe za su babban asibitin garin Jérémie a yi hoton ciki, ya kawo musu takarda su gani da idonsu. Philomise ta ce ba ta jin ƙarfin tafiya. Ya ce ai babur zai kai su har ƙofa.

Likitan wani siririn mutum ne mai furfura. Tun shigowarsu yake kallon yadda take numfashi da jijiyar wuyanta da ta miƙe. Ya shafa mata mai a ciki, ya ɗora na'ura, ya daɗe yana zagayawa. Sannan ya matsar da ita sama, zuwa ƙirji. Anélus yana tsaye da hularsa a hannu yana murmushi, ya ce, "Likita, kada ka ɓoye mini, namiji ne ko?"

Likita ya ce babu ɗa. Ruwa ne ya cika cikin, ya fara shiga huhu. Ya juya allon ya nuna masa zuciyar, ta buɗe ta yi girma, da ƙyar take matsawa. Ya ce wannan aikin hawan jini ne da aka bari ba magani, kuma dole a kwantar da ita yau, ba gobe ba. Ya tambaya ko an taɓa ɗora ta a kan magani. Philomise ta dubi ƙasa.

"An taɓa," in ji Anélus. "Ta daina sha."

Cikin ladabi ya ce za su je su ɗauko zanen gado da kwanuka su dawo. Likita ya ce ya je shi kaɗai, ya bar ta a nan. Amma Anélus ya riga ya kama gwiwar hannunta, kuma an turo wani maras lafiya a guje, hankalin likita ya koma can. Ta san abin da yake jiranta a gida. Ta ga ƙofar ɗakin nas-nas a buɗe, taku biyar ne tsakani. Ƙafarta ta bi hannun da ta saba bi.

Rana tana tsaka suka isa. Da ƙyar ta hau matakalar, yana janta. Exilia ta taso da fara'a tana tambaya me aka gani. Anélus ya wuce ta. Ya tura matarsa tsakar gida, ko sakata bai tsaya sawa ba.

"Ina ɗana?"

"Babu ɗa, Anélus. Tun farko babu."

"Mama ta gan shi. Duk garin nan an gan shi. Na ce ina kika kai mini ɗa?"

Exilia ta ɗora hannu a ka, ta ce ita dama jikinta ya ba ta. Wannan aikin Lamercie ne, ta samu hanya ta aiko da wani abu, an narkar da yaro ya zama ruwa, ba yau aka fara ba. Anélus ya shiga rumfa ya ɗauko gadon jaririn, ya ɗaga shi sama ya maka da ƙasa. Ya fizge ƙafa ɗaya.

Philomise ta faɗi tun a bugun farko. Ya bi ta a ƙasa, a baya, a kafaɗa, a haƙarƙari, ta ji wani abu ya ɓalle a gefenta na hagu. Da katakon ya tsage ya koma sa ƙafa, yana shurin cikin da jiya ya kara wa kunne, yana cewa ta fito masa da shi. Ta so ta yi ihu, babu iskar da za ta yi shi. Tana buɗe baki sai kumfa mai ruwan hoda ta riƙa fitowa ta hanci da baki. Ganin kumfar ne ya sa Exilia ta ce, "Ya isa haka, kada ka jawo wa kanka."

Madan Osnel tana leƙe ta katanga. Wannan karon ta yi kururuwa. Mijinta da wasu maza biyu suka shigo suka rirriƙe Anélus, yana fizgewa yana kuka yana cewa an kashe masa ɗa. Aka ɓalle ƙyauren madafa aka ɗora ta a kai. Ba ta iya kwanciya, sai a zaune aka sauko da ita, mace ɗaya tana tallafe da bayanta, unguwa duk ta fito tana kallo.

Ta farfaɗo a asibiti da abin iska a fuska, allura a hannu, Lamercie a gefenta da baƙin gawayi har gwiwar hannu. Likitan nan ne dai. Ya ƙirga haƙarƙari uku da suka karye. Zuwa la'asar Anélus ya iso, ya yi wanka ya sa farar riga, da kwanon abinci a hannu, uwarsa da Fasto Théogène suna biye. Likita ya tambaye shi a gaban kowa me ya samu matar da ta fita daga nan da ƙafarta. Ya ce jiri ne ya ɗebe ta a matakala, ta gangara har ƙasa, ai likita da kansa ya ce jininta ya hau. Exilia ta ce a gabanta aka yi. Fasto ya ce shi ba ya wurin, amma ya san masu hawan jini da faɗuwa.

Philomise ta sa hannu ta janye abin iskar. Kowace kalma sai ta tsaya ta nemo numfashi.

"Ba faɗuwa na yi ba. Shi ne. Da ƙafar gadon jariri." Ta huta. "Maganin ma ba ni na daina ba. A masai ya zuba."

Matan da ke sauran gadajen suka juyo suna kallo. Anélus ya ce zafin ciwo ne yake sa ta sambatu. Likita ya ce ya ajiye kwanon ya fita, kada ya sake shigowa. Ya zauna ya rubuta duk abin da ya gani a jikinta, ya sa hannu, ya miƙa wa Lamercie takardar.

Kwana biyu bayan nan dattawan dangin biyu suka zo dubiya. Suka ja Lamercie gefe, amma ba nesa ba, Philomise tana jin su. Suka ce abin da ya faru bai yi daɗi ba, Anélus ya yi nadama, ko abinci ba ya ci. Amma in aka ɗaure shi wa zai riƙe yara? Wa zai auri 'yar wanda ya yi gidan yari? Mutum ne da aka sa wa rai da ɗa aka kuma cire, kowa aka yi wa haka sai ya fita hayyacinsa. A bari ta warke tukuna, a zauna a gida a gyara.

Da suka tafi ta kira yayarta da hannu. Ta ce, "Yaya, ƙananan nan. Kada ki bar su a gidan." Ta kuma ce a gaya wa manyan su je a auna musu jini, don ita ma wurin tata mahaifiyar ta gada.

Allurai sun janye ruwan kaɗan. Cikin ya sassauta, har ta iya jingina a kan filo biyu ta yi barci irin wanda ta manta da shi. Amma likita ya gaya wa Lamercie a baranda cewa zuciyar ta riga ta saki, da an riƙe jinin tun bara da ba a zo nan ba, kuma karyayyen haƙarƙari ba ya barin ta ta ja numfashi ta fitar da abin da ke huhu. Zazzaɓi ya shiga. Ran kwana na goma sha ɗaya da hantsi, Lamercie tana taje mata kai tana ba ta labarin kasuwa, sai ta ji kan ya yi nauyi a hannunta.

Takardar mutuwa ta ce zuciya ce ta gaza, sakamakon hawan jini da ya daɗe ba magani. Ba ƙarya a ciki. Anélus ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya zaro ya nuna masa.

Coci ta cika ranar jana'iza. Fasto Théogène ya yi wa'azi mai tsawo a kan lafiya. Ya ce hawan jini ya gama da mutanenmu, kisan mummuƙe yake yi, ba ya sallama, ba wanda yake jin zuwansa, sai dai a wayi gari a ga mutum ya faɗi. Mutane suna cewa amin. Lamercie ta miƙe daga benci na biyu. Ba ta ɗaga murya ba, amma har na bakin ƙofa sun ji.

"Wane mummuƙe, Fasto? Da rana tsaka ake yi, shekara ashirin da uku. Duk wanda yake cikin cocin nan da bai taɓa jin kukan ƙanwata ba, ya ɗaga hannu in gan shi."

Ba wanda ya ɗaga. Wasu suka dubi takalmansu, wasu suka shiga yin fifita. Fasto ya yi wa mawaƙa alama, suka ɗauki waƙa da ƙarfi. Lamercie ta kama hannun ƙananan biyu ta bi ta tsakiyar coci ta fita da su, Anélus yana kallo bai motsa ba.

Ta kai takardar likita inda ake kai ƙara. Aka ce ta kawo waɗanda suka gani da ido. Ta bi gidajen tudun nan ɗaya bayan ɗaya. Madan Osnel ta yi kuka sosai, ta ce ita maƙwabciya ce, a nan za ta ci gaba da zama. Mazan da suka riƙe shi suka ce su sun tarar an riga an gama. Takardar tana nan wurinta, yaran ma suna wurinta, suna kwana uku a katifa ɗaya a bayan rumfar gawayi.

Kafin shekara ta zagayo Exilia ta fara cigiyar mace ga ɗanta, ta ce wannan karon mai ƙuruciya take so, mai lafiyar jini. In ka hau tudun yau ka tambayi abin da ya kashe Madan Anélus, za a girgiza kai a ce maka hawan jini ne, ya taɓa mata zuciya, baiwar Allah. Wasu har su ba ka shawara ka rage gishiri.